Majigi a Jikin Dutse

Yammacin wata Asabar ce, rana ta yi ja ta rataya a kan duwatsun Bwari kamar mai jiran a sallame ta. Hayaƙin girki ya kwanta a kan unguwar, awaki sun kama hanyar gida da kansu, duk macen da ta san ciwon kanta ta riga ta kira 'ya'yanta ciki. A gidan Manniru kuwa fito da yara ake yi. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an jera kujerun roba, an aika wa maƙwabta, domin mai gidan ya samo abin da ya daɗe yana ba mutane labarinsa suna yi masa kallon mai ƙari.

Manniru mai kula da sito ne a wani kamfani a Idu, kuma duk wanda ya zauna da shi na ɗan lokaci ya san cewa zaluntarsa aka yi. Mutumin da Allah ya yi wa baki irin nasa, mai gashin baki da ake gyarawa kullum da safe, mai hula da ke zama a karkace daidai inda ya ce ta zauna, a ce wai ya ƙare a gadin kwalaye! A ganinsa gidan rediyo ne ya yi asara, ba shi ba. Hujjarsa kuwa ɗaya ce, kuma iyalinsa sun haddace ta. Lokacin yana yaro a ƙauyensu, akwai gidan kallo mai janareta da bencina, akwai kuma wani kaset na katun, wato fim ɗin zane, da aka fi so fiye da kowanne. Mutanen cikinsa suna magana da wani yare da ba Turanci ba, ba Larabci ba, ba wanda ya taɓa jin irinsa. Manniru ne yake tsayawa a gefen akwatin talabijin yana fassara. Bai san ko kalma ɗaya ba, amma wa zai kama shi? Idan sarki ya buɗe baki, Manniru ya zuba masa magana. Idan doki ya yi haniniya, shi ma a ba shi tasa. Har manya sukan ƙi shiga sai an tabbatar musu yana ciki.

Kaset ya lalace, gidan kallo ya rushe, yaro ya girma ya zo Abuja. Sai ga shi a makon nan, yana jiran mota a bakin titin Idu, ya hango tsohuwa mai tulu ta cikin wancan katun a fuskar kwamfutar mai tura finafinai a waya. Ya tsallaka titi ba tare da ya duba ba, mai keke ya zage shi har iyaye, ko a jikinsa, ya sa aka tura masa katun ɗin.

Gidan Manniru a jingine yake da wani ƙaton dutse, dutsen ne ma katangarsa ta baya, abin da yake yawan fahariya da shi, wai ya fi magina wayo. Fuskar dutsen sumul take, fara-fara, sai dai wata tsaga da ta taso daga ƙasa ta haura sama, wadda faɗinta bai fi a zura tafin hannu ba. Maƙwabcinsa Zacharias, mai gyaran wuta, shi ya kawo majigi, ya zo da farin zanen gado zai rataya.

"Mai da zanenka," in ji Manniru. "Ga allo Allah ya kafa mini tun kafin a haife ni."

Matarsa Kubra ta leƙo daga kicin. "Abban Rumasa'u, da dai an bari an yi isha'i. Tsakanin magariba da isha'i ba lokacin hayaniya ba ne, balle a gindin dutse."

"Wutar nan alƙawari ta yi miki za ta kai isha'i? Ki zo ki ga mijin da kika aura."

Ana idar da sallar magariba aka kunna. Haske ya faɗa kan dutsen, kala ta bazu, yara suka yi ihu. Ga su nan kamar jiya Manniru ya bar su: garin da fari ya cinye, rijiyoyi sun ƙafe, shanu sun zube, sarki mai farin gemu, 'yarsa mai riƙe da ƙaramar fitila, da tsohuwar da ke zaune a cikin dutse, wadda ta tattara ruwan sama duka ta rufe a tulu. Zanen ya fi yadda yake tunawa dushewa, tafiyar dawakan ma ta fi sanda, amma da ya buɗe baki sai komai ya dawo. Ya yi muryar sarki, ya yi ta bafade, ya yi ta kare. Tsakar gida ta cika da dariya.

A ƙauye yana da wata al'ada: 'yar sarki ba ta da suna sai na yarinyar da ta zauna a gaba. A wannan yammacin 'yarsa ce a gaba, Rumasa'u, 'yar sakandare mai shiru-shiru, wadda ta tashi da labarin katun ɗin nan a kunnenta tun tana goye. Da ya kira 'yar sarki da sunanta, ta rufe fuska da hijabi tana dariya, ƙawayenta na zungurinta.

Aka zo wurin da ya fi so. Sarki ya hau dutse roƙon ruwa, tsohuwa ta fito ta nuna 'yarsa da yatsa. Sarki ya zube a gwiwa yana ta magana yana dukan ƙirji. Hoton tsohuwar ya sauka daidai kan tsagar, har bakinta ya zama tsagar kanta. Manniru ya gyara hula, ya shiga cikin hasken, ya durƙusa shi ma yana fuskantar dutsen.

"Oga Manniru," in ji Zacharias, "wannan sarki kamar kuka yana yi fa."

"Kukan daɗi ne, za a yi ruwa. Kai dai ka riƙe wayarka." Ya bugi ƙirji, ya kumbura murya. "Iya mai dutse! Ga 'yata Rumasa'u. Ni na haife ta, ni ke da iko da ita. Na ba ki ita riƙo, halak malak, ba aro ba, ba na dawowa ba. Jama'a, kun shaida?"

"Mun shaida!" yara suka amsa. Zacharias ma ya amsa yana riƙe ciki.

Sai sautin majigin ya ɗauke. Hoton bai tsaya ba, bakin sarki na ta motsi, amma ba a jin komai. Gyare ma suka yi shiru. Wata iska mai sanyi ta fito daga tsagar, mai warin ƙasar da ba ta taɓa ganin rana ba, ta shafi fuskar Manniru. Daga nan wata murya ta tsohuwa, busasshiya, ta ce a hankali:

"Na karɓa."

Wurin ya kaure da tafi. Kowa ya ɗauka Manniru ne ya jefa muryarsa cikin dutse, har wani dattijo ya ce bai taɓa ganin gwani irinsa ba. Manniru ya san bakinsa a rufe yake lokacin. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗaga hannu ya karɓi tafinsa.

Washegari da almuru duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Ƙanana ne, sumul, masu ɗumi kamar an daɗe ana riƙe da su a hannu. Ɗaya ya fasa butar alwala, ɗaya ya sami Kubra a kafaɗa tana kwashe shanya. Rumasa'u na tsaye a tsakiyar tsakar gida, suna zuba ta kowane gefe, ko ɗaya bai taɓa ta ba. Manniru ya fita da sanda yana zagin yaran unguwa. Ya zagaya bayan dutsen bai ga kowa ba, ya dawo ya ce sun gudu ne da suka ji muryarsa.

Haka abin ya zama. Da rana gida lafiya lau, da zarar ladan ya buɗe baki da magariba sai jifa ta fara, ba ta tsayawa sai an kira isha'i. Daga baya murya ta biyo, daga wajen dutsen, irin kiran da uwa ke yi idan ta sauke tukunya: "Rumasa'u, zo ki ci." Yarinyar ta daina taɓa abincin gidan. Duk da haka ba ta rame ba, sai dai jikinta ya yi sanyi, ya yi nauyi, idan ta zauna a gefen katifa sai ta lotsa kamar babba ne ya zauna.

Wata safiya Kubra ta cire mata ɗankwali ta ga an yi mata kitso. Irin na da ne, wanda ba ta taɓa gani a kan mai rai ba, siriri, an ja shi har fatar kan ta tsage, jini ya bushe a kowane layi. Ta kai hannu za ta taɓa, yarinyar ta kauce.

"Baiwar Allah, ki daina taɓa ni. Iya ba ta so."

Kubra ta janye hannunta. 'Yar da ta yi naƙudarta ce ta kira ta baiwar Allah.

Manniru kuwa yana da bayanin kowane abu. Zazzaɓi ne ya taɓa mata kai. Aka je asibiti, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba, sai ya ce likitocin yanzu yara ne. Kitson, ƙawayenta ne. Muryar, rediyon maƙwabta ce. Da Kubra ta ce masa a nemo malami, ya ɓata rai ƙwarai, domin ya san tambayar farko da malami zai yi: yaya abin ya fara? Shi kuwa bai ga dalilin da zai sa a tara masa jama'a a ce ɗan wasan da ya nishaɗantar da unguwa kyauta shi ne laifi ba. Haka duniya take saka wa mai baiwa.

Sai wata magariba shi da Kubra suka nemi Rumasa'u a ɗaki ba ta nan. Suka same ta manne da dutsen, kuncinta a jikinsa, hannunta na dama ya shige tsagar har kafaɗa, tsagar da tafin hannun Manniru ma da ƙyar yake shiga. Idonta biyu, tana murmushi. Ya ja, ya kasa. Aka kira Zacharias, su biyu suka ja, suna jin wani abu na ja daga ciki a hankali, ba gaggawa, irin jan wanda ya san nasa ne. Ba a saki ba sai da aka kira isha'i. Hannun ya fito ba fata daga gwiwar hannu zuwa wuyansa, yarinyar ko uffan.

Suka kulle ta a ɗaki, Manniru ya sa makullin a aljihu. Da magariba ta zagayo, ƙofa na nan a kulle, yarinya na jikin dutse. A wannan karon har da kafaɗar da rabin ƙirjinta, kanta ya karkace ya fara shiga. Da suka zaro ta, ƙashin wuyanta ya goce.

Kubra ba ta nemi izinin kowa ba. Gari na wayewa ta ɗauki mayafi ta fita, bayan la'asar ta dawo da Malam Yahuza, wani ɗan siririn dattijo mai tabarau da ke koyarwa a wata Islamiyya a cikin garin Bwari, wanda aka sani da ruƙiyya. Ya zauna a tabarma, ya saurari Kubra har ta gama, sannan ya juya ga mai gida.

"Yaya abin ya fara?"

"Malam, ɗan wasa ne fa na yara."

"Faɗa mini wasan, da kalmominsa."

Manniru ya faɗa, ya rage abin da zai ragu. Zacharias, da aka kira domin a samu mai ƙarfi a kusa, ya cike sauran. Malam ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce a kawo masa yarinyar.

Aka fito da Rumasa'u tsakar gida aka lulluɓe ta, uwarta ta riƙe ta ta baya. Rana na gangarowa, inuwar dutsen na miƙewa tana cin tabarmar kaɗan-kaɗan. Malam ya kusanto da bakinsa kunnenta ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba hanzari. An daɗe ba abin da ya motsa. Sai ɗan yatsan ƙafarta ya fara rawa, rawar ta hau ƙafa, ta hau baya, yarinyar ta sanƙare kamar itace. Jifa ta sauka a kwano sau ɗaya da ƙarfi, ta tsaya. Bakin Rumasa'u ya buɗe, muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Kai, mai tabarau. Kana ƙona ni a gaban 'yata."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Ina cikin dutsen nan tun ba a yi mafarkin kawo birni nan ba. Wannan mai gashin bakin ya jingina gidansa da nawa, ban ce masa komai ba. Yana zubar mini da ruwan wanka a ƙofa, na yi haƙuri."

"Me ya haɗa ki da yarinyar mutane?"

"Ba ta mutane ba ce. Ina da 'ya'ya, Malam, a dutsen can na gabas. Masu fasa dutse suka zo da nakiya, suka mai da su tsakuwa, aka kwashe a tifa aka shimfiɗa muku titi. Tun daga ranar ban roƙi kowa ba. Ina zaune, sai ga haske a ƙofata, sai ga uba a durƙushe yana kiran sunana. Ya ce ya ba ni. Ya kira shaidu, suka amsa. Ga ɗaya nan tsaye yana rawar jiki. A garinku idan uba ya ba da riƙo, ana ce masa wasa?"

"Fassara nake yi!" Manniru ya yi tsalle ya miƙe. "Malam, ka gaya mata. Maganar sarkin katun ce, ni baki kawai na ara masa. In tana da shari'a ta je ta yi da shi!"

Dariyar da ta fito daga ƙirjin yarinyar ta daɗe, kamar ana jan turmi a kan tsakuwa.

"Sarki? Mu ba yaren da ke ɓuya mana, mai fassara. Na ji abin da sarkin ya ce, na kuma ji abin da kai ka ce. In gaya maka nasa? Cewa ya yi: ki bar yarinyar nan, ba ta san komai ba. Ga ni. Ni za ki ɗauka. Shi ya sa yake dukan ƙirji. Zane ne fa, Malam, fenti ne a takarda, amma bai ba da 'yarsa ba, ƙwace ta aka yi yana birgima. Kyautar nan ba ta fito daga bakin kowa ba sai na wannan."

"Na faɗa fa kuka yana yi," in ji Zacharias can ƙasa, kamar da kansa yake.

Manniru ya sunkuyar da kai. Ya ga bencinan nan na ƙauye, ya ga fuskokin da suka yi ta yi masa tafi, ya ga sarkin da ya fi so tun yana yaro, wanda ya yi ta sa wa maganar a baki dare bayan dare.

Malam bai tsaya jayayya ba. Ya ɗaga murya, ya tofa a ruwa ya yayyafa. Yarinyar ta yi ƙara ta banƙare, Kubra na kuka tana riƙe da ita. Aljanar ta ce za ta fita, amma da hannun da ya riga ya shiga gidanta. Malam ya ce ko farce ba za ta ɗauka ba. Ta ce to da ido ɗaya. Ya ƙara karatu. Ladan ya fara kiran magariba daga nesa, tsagar ta fara hura sanyinta, jikin yarinyar ya soma zamewa kan tabarma yana nufar dutsen, yana jan uwar tare da shi.

Malam ya shiga wata doguwar aya, kuma shi mutum ne da ba ya yanke aya ko gini na faɗowa. A cikin wannan tsakanin aljanar ta juyo da fuskar yarinyar wajen Manniru.

"To ga sauƙi. Kyauta ba ta komawa sai da musanya. Ai mai fassara ne. Ya fassara daidai sau ɗaya a rayuwarsa. Ya durƙusa inda ya durƙusa, ya faɗi abin da sarkin ya faɗa, in sake ta yanzu. Rumasa'u, leƙo ki ga ubanki."

Idanun yarinyar suka sauko, suka zama nata. Ciwon hannu da na wuya suka same ta lokaci guda, ta yi wani siririn nishi.

"Abba?" ta ce. "Abba, akwai duhu a ciki."

Kalmomin ba su da yawa, kuma yanzun nan aka faɗa masa su. Manniru ya dubi tsagar. Ya tuna yadda hannun ya fito. Ya ji sanyin nan a fuskarsa, ya auna faɗin ƙirjinsa da faɗin wurin, ya ji yadda haƙarƙari zai yi kafin ya wuce.

"Iya," ya ce, "ko rago? Baƙi, babba. Ko biyu ma."

Karatun Malam na tafiya.

"Ni ki ɗauke ni!" Kubra ta yi ihu. "Ga ni, ni ce uwarta!"

"Ke ba ki bayar ba," in ji muryar tsohuwar, "ba ki da abin fansa." Ta sake komawa, ta bar wa yarinyar idanunta.

Rumasa'u na kallonsa. Bai iya kallonta ba, sai ya juya ga mutumin da ke tsakiyar aya, ya ce da wata 'yar murya:

"Malam, wai a shari'a ya halatta ma kuwa?"

Malam Yahuza ya kai ƙarshen ayarsa, ya ja numfashi. "Bai halatta ba," ya ce, da aljanar yake, bai ko dubi Manniru ba. "Ba mai ba da kansa, ba mai ba da ɗansa. Rai ba na uba ba ne balle ya kyautar, amana aka ba shi. Wanda ya ba ki abin da ba nasa ba, bai ba ki komai ba, ko garin nan duka ya shaida. Ki fita, ki yi rantsuwa ba za ki dawo ba, ko in ci gaba har ki zama toka."

"Da ka yanke ayar nan, Malam, da ka rufa masa asiri." Muryar ta yi laushi, gajiya ta fito a cikinta. "Zan fita. Karatunka da zafi, ba zan ɓoye ba. Amma da na ƙara daurewa in da abin ya kai. Na ɗauka abin da mutum ke ji da shi aka ba ni, shi ya sa na yi mata kitso. Ni da an ce in shiga ƙarƙashin nakiya a bar nawa, da ban tambayi malami ba. Ku riƙe abarku."

Ta yi rantsuwar yadda Malam ya faɗa mata, kalma bayan kalma. Rawar ta sauka daga baya zuwa ƙafa, ta tattaru a ɗan yatsa, ta fita. Wani abu ya yi ƙara a cikin dutsen kamar an ja ƙyaure. Gyare suka ci gaba da kukansu.

Jifa ba ta ƙara sauka ba. Hannu ya warke ya bar tabo, mai ɗori ya gyara wuya, kitson sai da aka aske shi. Rumasa'u ta rungumi uwarta ta kira ta Umma, ta ci tuwon gidan. Mafi yawan waɗanda aljani ya shiga ba sa tuna komai idan sun farfaɗo, Manniru ya yi ta tambayar mutane a kan haka, kowa na tabbatar masa, yana jin daɗi. Ita dai ba ta ce ta tuna ba, ba ta ce ta manta ba. Takan kawo masa abinci ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe shi da cikakken ladabi, irin wanda ake yi wa baƙon da ya kwana a gida.

Kafin wata ya zagayo labari ya gyaru. A teburin mai shayi da kuma sito a Idu, Manniru na ba da shi tsaye, da muryoyi. Tarko aljana ta ɗana masa, in ji shi, ta so ya yi saɓo da bakinsa, shi kuwa ya gano ta tun daga nesa, ya yi ta ja mata rai har Malam ya gama shiri. Ai Malam da kansa ya ce bai halatta ba, a tambayi Zacharias. Zacharias kuwa duk lokacin da aka zo nan sai ya tuna yana da aiki.

Ana haka Rakiya, yayar Kubra, ta zo daga Kwali duba yarinya, da doya da sabuwar tukunya a kai. Ta kwana biyu. Ranar komawa, tana ɗaura mayafi a tsakar gida, maƙwabta mata sun shigo sallama, ta ce da shi cikin raha, irin yadda 'yan'uwa ke yi:

"Baban Rumasa'u, ka ba ni 'yar nan mana ta zauna wurina, ta huta da ganin dutsen nan."

Manniru ya ga jama'a, ya ga dama. Ya miƙe, ya gyara hula, ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari.

"Ni in ba da 'yata? Yaya Rakiya, ai sai dai a ɗauke ni! Ga ni nan, ni za a ɗauka!"

Matan suka yi dariya, wata ta ce uba ke nan. Rakiya ta riƙe baki tana cewa me za ta yi da ƙato a Kwali.

Labulen ɗaki ya ɗaga. Rumasa'u ta fito cikin hijabinta na fita, jakar makaranta a baya, ƙullin kaya a hannun da ke da tabo. Kubra na bayanta, idanu jajur, ba ta hana ta ba. Yarinyar ta zo gabansa ta durƙusa har ƙasa kamar kullum, ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun wancan yammacin.

"Ashe ka iya faɗin haka, Abba," ta ce.

Ta tashi ta karɓi jakar Rakiya, ta yi gaba. Manniru na tsaye, hannunsa na kan ƙirji, matan sun daina dariya, kuma duk cikinsu ba wadda ta tambaye shi abin da yarinyar ke nufi.